Dalilin Da Ya Sa Tabaran Nutso Ke Yin Raɓa Da Hanyoyin Magance Matsalar

A cikin kayan da mai nutso a teku yake ɗauka, tabarau yana daga cikin masu araha. Tukunyar iska, na'urar daidaita numfashi, rigar daidaita nauyi a ruwa da ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, kowannensu ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Sai dai idan gilashin tabaran ya yi raɓa daga ciki, amfanin sauran kayan yana raguwa nan take. Mutum ba zai iya karanta ma'aunin da ke nuna masa yawan iskar da ta rage a tukunya ba, ba zai ga zurfin da ya kai ba, kuma ba zai gane alamar da abokin nutsonsa yake yi masa da hannu ba, alhali a ƙarƙashin ruwa da hannu ake magana.

Wannan matsala ta daɗe. Tun shekarar 1943 da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar Aqua-Lung a Faransa, wadda ta ba mutum damar yin nutso da iskarsa goye a baya, an sauya kusan komai a kayan nutson sukuba, amma har yau gilashi yana yin raɓa. Abin daɗin shi ne an san musabbabin sarai, kuma maganin ba ya cin kuɗi mai yawa.

Me ya sa tabarau ya zama dole?

An halicci idon ɗan Adam ne don gani a cikin iska. Fatar gaban ido mai kama da gilashi ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa haske domin hoto ya fito sarai. Tana iya yin hakan ne saboda bambancin da ke tsakaninta da iska. Idan ruwa ya taɓa ido kai tsaye, wannan bambanci kusan ɓacewa yake yi, shi ya sa wanda ya buɗe ido a cikin kogi ko kududdufi yake gani dishi-dishi ko da ruwan garau yake. Aikin tabarau shi ne ya killace 'yar iska kaɗan a gaban ido domin ganin ya dawo. Ta cikinsa abubuwa sukan bayyana sun ƙara girma da kusan kashi 33 cikin 100, kuma sun matso kusa da kusan kashi 25 cikin 100.

Akwai bambanci babba tsakanin tabaran iyo da tabaran nutso. Na iyo idanu kawai yake rufewa, na nutso kuwa har da hanci. Dalilin shi ne matsin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsewa a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke doron ƙasa. A zurfin mita 10 iskar da ke cikin tabarau tana neman tsukewa zuwa rabin girmanta, sai tabaran ya fara tsotsar fuska kamar ƙahon wanzami. Idan aka bar shi haka, ƙananan jijiyoyin jini na ido suna iya fashewa, ido ya yi jawur, kewayensa ya kumbura. Don kauce wa haka, mai nutso yakan riƙa hura iska kaɗan ta hanci yayin da yake sauka. To ita wannan iskar da ke kare ido, ita ce kuma take shigo da danshi cikin tabaran.

Daga ina raɓar take fitowa?

Duk wanda ya taɓa ciro kwalbar lemo daga firij da rana ya ga yadda jikinta yake yin gumi cikin ɗan lokaci. Ruwan nan daga iskar da ke kewaye da kwalbar yake zuwa. Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan tururin da za ta iya riƙewa ya dogara da zafinta. A digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, lita 1,000 ta iska tana iya riƙe kusan giram 30 na tururi. A digiri 20 adadin yana sauka zuwa kusan giram 17, a digiri 10 kuwa bai wuce giram 9 da 'yan kai ba. Saboda haka idan iska mai ɗumi da danshi ta taɓa abu mai sanyi, sai ta huce, ta kasa riƙe abin da take ɗauke da shi, rarar ta sauka a jikin abin a matsayin ƙananan ɗigon ruwa. Haka raɓar asuba take samuwa a kan ciyawa, haka gilashin mota yake rufewa daga ciki idan ana ruwan sama an ɗaga tagogi, haka kuma masu tabaran likita suka sha fama a lokacin korona da aka tilasta saka takunkumi.

A cikin tabaran nutso duk sharuɗɗan nan sun cika. Fatar fuska tana da ɗumin da ya kai digiri 33 zuwa 34, kuma tana fitar da zufa. Numfashin da ke fita ta hanci yana da kusan wannan ɗumin, kuma cike yake da danshi daga huhu. A ɗaya gefen gilashin kuma ruwa ne, wanda yake janye zafi daga jikin abu fiye da iska har kusan sau 25. Cikin ɗan lokaci gilashin yake ɗaukar sanyin ruwan. Ko a Bahar Maliya, wadda ake ƙirgawa cikin tekuna masu ɗumi, ruwan gaɓar Masar yakan sauka zuwa digiri 21 ko 22 da hunturu, wato akwai tazarar fiye da digiri 10 tsakanin fuska da gilashi. Gwargwadon girman wannan tazara, gwargwadon saurin raɓar.

Siffar ɗigon ruwa ita ce matsalar

Da wuya a hana ruwa taruwa a jikin gilashin gaba ɗaya. Abin da ake iya sauyawa shi ne siffar da ruwan yake ɗauka idan ya taru.

Ƙwayoyin ruwa suna da ɗabi'ar jan junansu, shi ya sa saman ruwa yake zama kamar wata siririyar fata da har wasu ƙwari suke tafiya a kai. Idan ruwa ya sauka a kan abin da ba ya shiri da shi, sai ya dunƙule. Ganyen gwaza misali ne mai kyau: ruwan sama yakan taru a kansa kamar duwatsun wuya, yana gangarawa ba tare da ya jiƙa ganyen ba. Farantin da ke da maiƙo ma haka yake yi. Amma a kan gilashin da aka wanke tas, ruwa shimfiɗewa yake yi.

Idan cikin tabarau yana da maiƙo ko datti, raɓar takan zama dubban ƙananan ɗigo masu siffar rabin ƙwallo. Kowane ɗigo yana aiki kamar ƙaramin gilashin ƙara girma, yana karkatar da haske zuwa nasa ɓangaren. Haɗuwar wannan warwatsewar haske ita ce farin hazon da mai nutso yake gani. Idan kuwa ruwan ya shimfiɗu ya zama siririn mayafi guda mai santsi, haske yana ratsa shi kusan miƙe, mutum ya ci gaba da gani duk da cewa gilashin a jiƙe yake.

Kusan duk maganin raɓa da ake sayarwa ko ake haɗawa a gida a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Yana ɗauke da sinadaran da ke raunana jan junan da ƙwayoyin ruwa suke yi, irin waɗanda ke cikin sabulu. Sabulu yana iya rage wannan ƙarfi zuwa ƙasa da rabi, sai ɗigon ya kasa dunƙulewa, ya baje.

Sabon tabarau ya fi tsoho yin raɓa

Masu fara koyon nutso sukan yi mamaki idan suka sayi sabon tabarau mai tsada, suka shafa masa magani kamar yadda aka koya musu, amma ya rufe cikin minti biyu. Laifin yana komawa masana'anta. Robar da ke manne wa fuska da silikon ake yin ta, kuma wajen zubi da haɗawa wani siririn maiƙon silikon yakan rage a jikin gilashin. Ido ba ya ganinsa, amma yana korar ruwa kamar ganyen gwaza, yana kuma hana maganin raɓa kama gilashin. Matuƙar ba a cire shi ba, duk abin da aka shafa a kai aikin banza ne.

Kafin a taɓa gilashin da komai, sai a tabbatar da irinsa. Tabaran nutso na ƙwarai da gilashin da aka ƙarfafa da wuta ake yin sa, wanda idan ya fashe yakan ruguje zuwa ƙananan gutsattsari marasa kaifi sosai. Akan rubuta kalmar Tempered ko harafin T a gefensa. Tabaran iyo da wasu masu araha kuwa da roba mai kama da gilashi ake yin su, kuma sau da yawa an riga an shafa musu rufin hana raɓa tun daga masana'anta. Irin waɗannan ba a goge cikinsu, domin gogewa tana kankare rufin, ta kuma bar zane. Haka nan gilashi mai launi ko mai rufin rage ƙyalli, da wanda aka manna masa gilashin gyaran gani, duk suna buƙatar a bi umarnin kamfanin da ya yi su.

Ga gilashi tsantsa, hanyar da aka fi bi ita ce ta man goge baki:

1. A samu farin man goge baki na yau da kullum. Mai kama da jeli ba ya aiki sosai, domin ƙananan ƙwayoyin gogewar da ke cikin farin su ne ke kankare maiƙon.
2. A wanke hannu da sabulu, a sa man kaɗan a cikin gilashin yana bushe, a murza da yatsa ko buroshi mai laushi na 'yan mintuna, har zuwa lunguna.
3. A ɗauraye da ruwa mai tsabta sosai. Ragowar man da ya maƙale a gefe yana sa ido raɗaɗi saboda na'ana'ar da ke ciki.
4. A bari ya bushe, sannan a hura masa iskar baki. Idan har yanzu yana yin fari fat, a maimaita. Ba abin mamaki ba ne a yi sau uku zuwa biyar kafin ya tsabtata.

Akwai kuma man gogewa da aka yi musamman don wannan aiki, kamar Sea Buff na kamfanin Gear Aid.

Wasu tsofaffin hannu sukan yi amfani da wutar laita, su riƙa wuce harshen wutar a ƙarƙashin gilashin har ya yi baƙi, su bari ya huce, su goge. Wutar tana ƙone maiƙon da gaske, amma kasadarta tana da yawa. Tana iya narkar da robar gefe, ta lalata rufin gilashi, ko ta raunana gilashin idan zafin ya taru a wuri ɗaya, kuma gilashin da ya raunana abin tsoro ne a zurfin mita 20. Kamfanoni da dama sun yi gargaɗi a kan wannan hanya, kuma garantinsu ba ya rufe ɓarnar da ta jawo. Wanda bai ƙware ba, man goge baki ya ishe shi.

Abin da ake shafawa kafin kowane nutso

Wankin sabon tabarau sau ɗaya ake yin sa, ko kuma lokaci zuwa lokaci idan maiƙo ya sake taruwa. Shafa maganin raɓa kuwa kafin kowane nutso ne. Zaɓin da ake da su sun kasu huɗu.

*Yawu.* Shi ne magani mafi daɗewa, kuma kullum yana tare da mutum. Yawu yana ɗauke da wasu sinadaran furotin masu yauƙi da ke sa ruwa ya shimfiɗu. Akan tofa a cikin gilashin yana bushe, a murza, a ɗauraye sau ɗaya. Rauninsa shi ne ba ya daɗewa, musamman a ruwa mai sanyi. Ga kuma batun tsabta, domin baki cike yake da ƙwayoyin cuta. A lokacin korona a 2020, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso ta Divers Alert Network ta ba da shawarar a bar tofa yawu, a koma ga maganin kwalba.

*Shamfun jarirai.* Shi ne abin da ake yawan gani a jiragen ruwan masu yawon nutso. An zaɓe shi ne saboda an haɗa shi yadda ba zai yi wa ido zafi sosai ba. Ɗigo ɗaya a kowane gilashi ya isa, ko a tsarma shi da ruwa a ƙaramar kwalbar feshi. Sabulun wanke kwanuka ma yana aiki, amma idan ya shiga ido a ƙarƙashin ruwa mutum zai gane kurensa.

*Maganin kwalba.* Ana sayar da shi a matsayin ɗigo, feshi ko jeli, da sunaye irin su Sea Drops, Sea Gold, 500 PSI da Stream2Sea. Jeli ya fi kauri kuma ya fi daɗewa. A kula, maganin raɓar gilashin mota da na wankin taga ba a yi su don kusantar ido ba, kada a kuskura a sa su.

*Ganye.* Tun kafin a fara sayar da magani a kwalba, masu nutso na gargajiya sun gano nasu. Matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu da ake kira haenyeo, waɗanda suke nutso ba tare da tukunyar iska ba don ɗebo abincin teku, kuma hukumar UNESCO ta sa al'adarsu cikin kundin gadon ɗan Adam a 2016, suna murza ganyen wani tsiro dangin tazargade a cikin tabaransu. A tsibiran Hawayi kuma ganyen wani tsiron bakin teku da ake kira naupaka ake murzawa. Ruwan ganyen yana barin siririn rufi mai irin wannan aiki.

Kowanne aka zaɓa, matakan iri ɗaya ne. A shafa yayin da gilashin yake bushe, domin idan ya riga ya jiƙe maganin ba ya kamawa. A bi ko'ina da yatsa mai tsabta. A ɗauraye sau ɗaya a hankali, yadda kumfar za ta tafi amma siririn santsi ya rage. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa ciki. A yi wannan dab da shiga ruwa, a saka tabaran, a bar shi a fuska.

Yawan ɗauraya yana wanke maganin gaba ɗaya, ƙarancinta kuma yana barin sabulun da zai shiga ido. Akwai darasi a kan haka daga sararin samaniya. A watan Afrilun 2001, ɗan sama jannatin Kanada Chris Hadfield yana aiki a wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sai idonsa na hagu ya fara raɗaɗi yana hawaye. Da yake a can babu nauyin da zai sa hawaye ya gangaro, sai ya taru ya tsallaka zuwa ɗaya idon, ya daina gani na wani lokaci. Daga baya aka gano ragowar maganin raɓar da aka shafa a gilashin kwalkwalinsa ce ta shiga idon.

Bokitin haɗaka

A jiragen nutso da yawa akan ajiye bokiti ɗaya da kowa yake tsoma tabaransa. Idan mutum goma sun tofa yawu sun tsoma, ruwan ya zama matattarar cuta. A 2006 an samu ɓarkewar ciwon ido irin wanda ake kira afolo a tsakanin wata tawagar masu nutso a Fiji, inda kusan rabinsu suka kamu, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa akwai yiwuwar ma'ajiyar tabarau ta haɗaka ce ta yaɗa shi. Mafita ita ce a ɗebi ruwa da kofi a zuba a tabaran a gefe, ko a ɗauraye shi da ruwan tekun kansa.

Halayen da ke ɓata aikin magani

Sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, mai nutson ne yake rushe aikinsa. Na farko shi ne yawan fitar da numfashi ta hanci. Ana buƙatar hura kaɗan yayin sauka, amma sauran numfashi ta baki ya kamata ya riƙa shiga yana fita. Sabon mai koyo da ke cikin fargaba yakan riƙa fitarwa ta hanci bai sani ba, kowane numfashi kuma sabon danshi ne.

Na biyu shi ne tabaran da bai dace da fuska ba. Idan ruwa yana shiga, dole mutum ya riƙa hura hanci don fitar da shi, ruwan da ke kai da komowa kuma yana wanke maganin. Wajen saye, akan ɗora tabaran a fuska ba tare da an sa maɗaurin ba, a ja iska kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗi ba, ya dace. Silin gashin kai da ya shiga ƙarƙashin robar, ko gashin baki mai kauri, suna buɗe wa ruwa hanya. Ɗaure maɗauri tamau kuma yana lanƙwasa robar, ya ƙara yoyon da ake gudu.

Na uku shi ne maiƙo. Man shafawa, man kare fata daga rana da kayan kwalliya duk suna komawa jikin gilashi ta hanyar yatsa ko zufa. Na huɗu shi ne zafi. Wanda ya daɗe a rana a kan jirgi, a wuri mai zafi da laima irin gaɓar Jidda ko Port Sudan, fuskarsa tana tururi lokacin da zai saka tabarau. Watsa ruwa a fuska kafin sakawa yana rage tazarar zafin. Ɗora tabarau a goshi ma yana cika shi da zufa da man gashi. Ban da haka igiyar ruwa tana iya fizge shi, kuma malaman nutso suna ɗaukar tabarau a goshi a matsayin ɗaya daga alamun wanda ya shiga damuwa. An fi so a sauke shi zuwa wuya.

Idan ya rufe a ƙarƙashin ruwa

Raɓa ita kaɗai ba ta kashe mutum. Firgitar da take jawowa ce abin tsoro. Wanda ya daina gani, ya ruɗe, ya yunƙura zuwa sama da gudu yana riƙe da numfashi, ya jefa kansa cikin haɗari mafi girma a nutson sukuba. Iskar da ya shaƙa a zurfin mita 10 tana ninka girmanta kafin ya iso sama, kuma idan ba ta samu hanyar fita ba tana iya yaga huhu, kumfar iska ta shiga jini. Hawa da sauri yana kuma ƙara haɗarin cutar da ke samuwa idan iskar naitirojin da ta narke a jiki ta yi kumfa. Shi ya sa yawancin kwamfutocin nutso suke yin ƙara idan saurin hawa ya wuce kusan mita 10 a minti ɗaya.

Maganin raɓa a ƙasa ba ya ɗaukar rabin minti. Mai nutso ya tsaya, ya daidaita kansa a zurfin da yake, ya yi wa abokinsa alama. Ya ɗaga gefen tabaran na sama kaɗan don ruwa ya shiga. Ya sunkuyar da kai ya girgiza a hankali, ruwan ya wanke gilashin. Sannan ya danne saman firam ɗin a goshi da yatsu, ya fara hura iska ta hanci yana ɗaga kai sama a hankali. Iskar za ta taru a sama ta tura ruwan ya fita ta ƙasa. Duk wannan lokaci numfashi ta baki bai tsaya ba. Wannan yana cikin darussan farko da makarantun nutso irin su PADI da SSI suke koyarwa, kuma a wurin wanka mara zurfi ake koyonsa a gaban malami kafin a shiga teku. Wasu masu nutso idan raɓar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sukan bar ruwa kaɗan a ƙasan tabaran, su riƙa sunkuyawa yana share musu gilashi.

Abin da fasahar zamani ta kawo

Hukumar NASA ta Amurka ta ɗauki batun raɓa da muhimmanci tun ranar 5 ga Yunin 1966, lokacin da Eugene Cernan ya fita daga kumbon Gemini 9A. Aikin ya gajiyar da shi, zufa ta cika rigarsa, gilashin kwalkwalinsa ya rufe har sai da ya riƙa goga hancinsa a jiki don ya samu 'yar kafar gani. Dole aka soke gwajin na'urar tashi da aka shirya zai yi. Daga nan aka fara shafa maganin raɓa a kwalkwalin 'yan sama jannati kafin su fita.

A fagen nutso, kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban. Kamfanin Cressi na birnin Jenowa a Italiya ya fitar da tabarau irin su Calibro da Quantum masu wani siririn shinge na roba a kewayen hanci, wanda ke kange numfashi daga isa ga gilashi. Wasu kamfanonin, ciki har da TUSA, suna sayar da siririyar leda mai son ruwa da ake mannawa a cikin gilashi, tana aiki na tsawon lokaci kafin a sauya ta.

Hanyar da ta fi inganci tana cikin tabarau mai rufe fuska gaba ɗaya, irin na kamfanonin Ocean Reef, OTS da Interspiro, wanda masu aikin ceto da ma'aikatan ƙarƙashin ruwa suke yawan amfani da shi. Iskar da ake matsawa cikin tukunya busasshiya ce ƙwarai, domin injin cikawa yana tace danshinta. An tsara tabaran yadda duk lokacin da mutum ya ja numfashi, busasshiyar iskar za ta bi ta jikin gilashi kafin ta isa hanci da baki, numfashin da ya fita kuma ya bi wata hanya daban. Haka na'urar sanyaya mota take share gilashin gaba. Sai dai irin wannan tabarau yana da tsada, kuma yana buƙatar horo na musamman.

A watan Disambar 2022, masu bincike a jami'ar ETH Zurich ta Suwizalan suka bayyana wani rufi na ƙwayoyin zinariya mai kaurin nanomita 10 kacal, wanda ke tsotsar ɓangaren hasken rana mai ɗauke da zafi, ya ɗumama gilashi da kusan digiri 8 don kada raɓa ta sauka. Dabarar ta dace da tabaran likita da gilashin mota. Ga mai nutso kuwa amfaninta kaɗan ne, domin ruwa yana shanye irin wannan haske tun a saman teku.

Kyamara ma tana yin raɓa

Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa da GoPro ko waya a cikin akwatin hana ruwa suna fama da irin wannan matsala. Kyamara tana yin zafi idan tana aiki, iskar da aka rufe da ita tana da danshi, tagar akwatin kuma tana da sanyi. A nan ba a shafa sabulu, domin zai ɓata hoto. Ana rufe akwatin ne a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, inda danshi ya yi ƙasa, a saka 'yar jakar ƙwayoyin tsotse danshi irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, sannan a kiyaye kada a bar akwatin a rana kafin shiga ruwa.

Adana tabarau

Bayan an fito, a wanke tabaran da ruwan daɗi don cire gishiri da yashi, a shanya shi a inuwa, a ajiye a akwatinsa bayan ya bushe sarai. Rana tana tsufar da roba, ajiya cikin laima kuma tana haifar da baƙin funfuna a lungunan gilashi. Idan aka lura maganin raɓa ya daina tasiri kamar da, alama ce maiƙo ya sake taruwa, sai a maimaita wankin man goge baki.

Tsarin da ya fi aiki gajere ne: a wanke sabon gilashi har ya rabu da maiƙon masana'anta, a shafa magani a busasshen gilashi kafin kowane nutso, a ɗauraye sau ɗaya, a sanyaya fuska, a riƙa numfashi ta baki. Wanda ya bi wannan, ya kuma ƙware wajen shigar da ruwa da fitar da shi daga tabarau ba tare da ruɗewa ba, zai iya karanta ma'aunin iskarsa daga farkon nutso har ya fito.